Bidiyon Waƙa: Yadda Tsarin Hoto Ke Yanke Hukuncin Riba Ko Hasara

Tun daga ranar 1 ga watan Agusta 1981, lokacin da gidan talabijin na MTV ya fara aiki a Amurka, bidiyon waƙa ya zama babbar hanyar tallata faifai. Kamfanonin faifai sun riƙa bai wa gidan bidiyoyinsu kyauta, domin sun lura cewa waƙar da ake yawan nunawa ita ce ke tashi a kasuwa. Wannan ya sa tsara hotunan da za su raka waƙa ya koma batun zuba jari, musamman ga ƙungiyoyin kiɗan rok.

Aikin yakan fara ne da takarda. Kamfani yakan aika waƙar ga daraktoci da dama, kowanne ya rubuto shawararsa ta abin da mai kallo zai gani. Wanda aka zaɓa sai ya sa a zana kowane fage a jere, a nuna inda kyamara za ta tsaya da irin hasken da ake bukata. Daga wannan zane ne ake fitar da kasafi: kwanakin ɗauka, hayar wuri, ma'aikata, tufafi da aikin tacewa. Duk fagen da aka ƙara a takarda, ƙarin kuɗi ne. Bisa al'adar yarjejeniyoyin faifai a Amurka, kamfani ke biya tun farko, sannan ya cire wani kaso, galibi rabi, daga haƙƙin mawaƙan. Saboda haka bidiyo mai tsada bashi ne a wuyan ƙungiyar.

Ƙungiyar Queen ta Ingila ta nuna cewa dabara takan maye gurbin kuɗi. A watan Nuwamba 1975 tana shirin fita rangadi, ga kuma waƙarta "Bohemian Rhapsody" mai wuyar rerawa a gaban kyamarar shirin Top of the Pops na BBC. Sai ta ɗauko darakta Bruce Gowers, aka ɗauki bidiyon a Elstree cikin kimanin sa'o'i 4, a kan fam 4,500. Ba a ɓata lokaci wajen neman fasali ba, domin an aro shi daga bangon faifansu na 1974, Queen II, hoton da Mick Rock ya ɗauka na fuskoki huɗu cikin duhu. Dabarun ruɓanya fuska kuwa, a lokacin ɗauka aka yi su, ta hanyar amfani da gilashi na musamman da kuma fuskantar da kyamara ga allon talabijin. Waƙar ta yi makonni 9 a matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Labarin ƙungiyar a-ha ta ƙasar Norwe ya fi fito da darajar tsari a fili. Waƙarta "Take On Me" ta fito a 1984 tare da bidiyo mara armashi, ba ta kuwa yi kasuwa ba. Kamfanin Warner ya sake zuba kuɗi, aka sake naɗar waƙar, aka damƙa hoton a hannun darakta Steve Barron. Shawarar ita ce a haɗa mutane na gaske da zanen fensir. Bayan an ɗauki 'yan wasan, masu zane Michael Patterson da Candace Reckinger suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suna kwafa da hannu, kimanin zane 3,000 cikin makonni 16. Kamfanin ya haƙura da wannan jinkiri, kuma haƙurin ya biya: waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Oktoba 1985, bidiyon kuma ya ci lambobin yabo 6 na MTV a 1986.

A ɗaya ɓangaren akwai Guns N' Roses ta Amurka, wadda ta ɗauki hanyar kashe kuɗi. Bidiyon "November Rain" na 1992, wanda Andy Morahan ya shirya bisa wani gajeren labari na Del James, ya ci kimanin dala miliyan 1.5. Tsarin ya ƙunshi ɗaurin aure, jana'iza, cikakkiyar tawagar makaɗa, da wata majami'a a filin hamadar jihar New Mexico, inda aka ɗauki mai kaɗa jita Slash daga jirgi mai saukar ungulu. Ƙungiyar ta iya ɗaukar wannan nauyi ne domin faifanta na sayuwa da miliyoyi. Sabuwar ƙungiya da ta kwaikwayi irin wannan kasafi na iya shafe shekaru ba ta ga ko sisi daga haƙƙinta ba.

Zuwan YouTube a 2005 ya sauya lissafin. A da, bidiyo talla ne kawai, ribarsa na zuwa ta cinikin faifai. Yanzu shi kansa yana kawo kuɗi ta tallace-tallacen da ke tare da shi. "November Rain" ya haura kallo biliyan 1 a 2018, "Bohemian Rhapsody" a 2019, "Take On Me" kuma a 2020. Haka nan ƙofa ta buɗe ga masu ƙaramin jari: a 2006 ƙungiyar OK Go ta yi rawa a kan injinan motsa jiki a gaban kyamara ɗaya tak, bayan doguwar atisaye, ta kuma ci lambar Grammy a 2007.

Abin da waɗannan misalai suka yi tarayya a kai shi ne, an san abin da za a ɗauka tun kafin a kunna kyamara. Ga mai zuba jari, takardar zane da kasafin da ya fito daga cikinta su ne abin dubawa kafin ya sa hannu, domin gyara a takarda ya fi gyara a fagen ɗauka arha nesa ba kusa ba.