Maƙoƙo da Gishiri: Yadda Ake Awon Halojin a Jikin Ɗan Adam

Bahaushe ya daɗe da sanin maƙoƙo, watau kumburin nan da kan fito wa mutum a gaban wuya. Ya ba shi suna, ya kuma nema masa magani, amma sanadinsa ya ɓoyu gare shi, domin abu ne da ido ba ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana ke awon sinadarin da rashinsa ke haddasa wannan cuta, da kuma abin da awon ke nufi ga manomin Janbako da ke sayen gishirinsa a kasuwar Talata Mafara.

Dangin Halojin

Kalmar halojin daga Girkanci ta fito, ma'anarta kuwa "mai haifar da gishiri". Huɗu daga cikin wannan dangi su ne suka shafi jikin mutum: kulorin, da fulorin, da buromin, da aidin. Kulorin na cikin gishirin miya. Fulorin yana ƙarfafa haƙora, amma in ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha, haddin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke, yakan bar musu dabbare-dabbare. Buromin yana cikin hodar nan ta kumbura burodi da hukumar NAFDAC ta haramta. Aidin kuwa, wanda Bernard Courtois ya gano a Faransa a 1811, shi ne abin da tsokar tayirod ta gaban wuya take aiki da shi. Baligi na bukatar maikirogiram 150 kacal a yini. In ya rasa, sai tsokar ta kumbura. In mace mai ciki ce ta rasa, ƙwaƙwalwar jaririnta ba za ta ginu sosai ba.

Yadda Awon Yake

A 1913 Henry Moseley, Baturen Ingila, ya nuna cewa kowane sinadari, in aka buge shi da ƙarfi, yakan fitar da hasken eksire irin nasa shi kaɗai. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. A kan wannan tushe ne Raymond Castaing ya ƙera na'urarsa a Faris a 1951. Akan yanko ɗan tsoka ko haƙori, a sa cikin na'urar, a harba masa siririn tsinken elektiron a kan ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. Sai a karanta hasken da ya fito. Ƙarfinsa ke faɗin sunan sinadarin: a ma'aunin masana fulorin na tsayawa a 0.68, kulorin a 2.62, aidin a 3.94. Yawansa kuma ke faɗin adadin sinadarin. Fifikon wannan hanya shi ne, ba adadi kaɗai take nunawa ba, har da wurin da sinadarin ya taru a cikin tsokar.

Sai dai halojin na da wuyar sha'ani. Na farko, kulorin yana bin ruwa. In aka wanke tsokar ko aka jiƙa ta, sai ya bar mazauninsa. Saboda haka akan daskarar da ita nan take kafin a yanka. Na biyu, in tsinken elektiron ya daɗe a wuri guda, yakan kori wani sashe na sinadarin. Na uku, alamar aidin na maƙwabtaka da ta kalshiyam, sinadarin ƙashi, har wanda bai ƙware ba ya ɗauki wannan a matsayin wancan.

Abin da Zamfara ta Gani

Mutanen Zamfara sun taɓa ganin 'yar'uwar wannan na'ura. A 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, an yi amfani da na'urar hannu wajen awon ƙasar gidaje. Ita hasken eksire take harbawa maimakon elektiron, amma karatun iri ɗaya ne. Da ita aka gane tsakar gidan da za a kwashe ƙasarta.

Kammalawa

Ba sai an yanki wuyan kowa ba kafin a san halin da gari yake ciki. Awon fitsarin 'yan makaranta ya isa. Maganin kuwa yana cikin tukunya. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. To, amma gishirin da aka zazzage a faifai, rana ta buge shi, laima ta taɓa shi, yakan rasa wani kaso na aidin ɗinsa. Ashe ke nan, uwargida a Janbako ko Bakura da ta sayi gishirin leda, ta adana shi a rufaffen mazubi nesa da murhu, ta yi wa 'ya'yanta rigakafin cutar da kakanninta suka san sunanta, ba su san sanadinta ba.