Sakamakon Hoton Asibiti: Likita Ne Zai Fara Gani Ko Mara Lafiya?

Tun daga shekarar 1895 da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, hoton cikin jiki ya zama abin da likitoci ba sa iya aiki sai da shi. Daga baya aka samu na'urorin sikanin irin su CT da MRI. Shekaru da dama tsarin bai sauya ba: a ɗauki hoto, ƙwararren likitan hoto ya duba ya rubuta rahoto, rahoton ya tafi wurin likitan da ya aiko mara lafiya, shi kuma ya kira shi ya yi masa bayani. Wani lokaci a yi mako guda ana jira.

A ƙasar Amurka wannan tsari ya karye. A watan Disamba na 2016 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan wata doka mai suna Cures Act, wadda ta haramta wa asibitoci riƙe bayanan lafiyar mutum ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Ƙa'idojinta sun fara aiki ranar 5 ga Afrilu, 2021. Daga nan, da zarar likitan hoto ya gama rubuta rahotonsa, sai ya bayyana a wayar mara lafiya ta intanet, sau da yawa kafin likitansa ma ya gani.

Likitoci da yawa sun tsorata, kuma tsoronsu yana da tushe. Shi rahoton hoto, likita ne ya rubuta wa likita ɗan'uwansa, cike yake da kalmomin da ko mai ilmin boko ba lalle ya gane su ba. Alal misali, sau da yawa CT kan nuna ɗan ƙulli a huhu, alhali mafi yawan irin waɗannan ƙulle-ƙulle ba ciwon daji ba ne. To, yaya halin wanda ya karanta haka shi kaɗai da tsakar dare, ba wanda zai tambaya sai wayewar gari?

Sai dai da aka tambayi jama'a da kansu, amsarsu ta ba da mamaki. A wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Network Open a 2023, an ji ra'ayin mutane sama da 8,000 daga manyan asibitocin koyarwa huɗu game da sakamakon gwaje-gwajensu. Kusan kashi 96 cikin ɗari sun ce sun fi son su gani nan take, ko da likita bai duba ba. Ƙasa da kashi 8 ne suka ce abin ya ƙara masu damuwa. Hatta waɗanda sakamakonsu bai yi kyau ba, mafi yawansu ra'ayinsu ɗaya da na sauran. Dalilin a fili yake: zaman jira shi kansa azaba ne, kuma wanda ya riga ya karanta yakan je gaban likita da tambayoyinsa a shirye. Amma ya kamata mai karatu ya lura cewa waɗanda aka tambaya mutane ne da suka saba duba sakamakonsu ta intanet, ba su ne dukkan jama'a ba.

A nan gida ma ai lamarin ba baƙo ba ne, domin mara lafiya ne kan ɗauko hotonsa da rahoto cikin ambulan ya kai wa likita, kuma ba kowa ne kan iya haƙurin barinsa a rufe ba.

Ciwon daji ne ya fi jawo gardama. Saboda shi ne jihar Kentucky ta yi doka a 2022, wadda ta sa a jinkirta irin wannan rahoto na tsawon awa 72, domin likita ya sami damar faɗa wa mara lafiya da bakinsa.