Yadda ƙwayar FPGA ke isar da saƙon kuɗi daga turken sadarwa

A ranar kasuwar Ɗambatta, ɗan kasuwar da ya sayar da buhunan gero yakan tsaya jiran shigar kuɗi a wayarsa kafin ya saki kaya. Saƙon da yake jira sai ya ratsa turken sadarwa mafi kusa, inda na'urori da dama ke dogara da wata ƙwayar lantarki da ake kira FPGA.

Bambancin FPGA da sauran ƙwayoyi shi ne ana iya sake tsara hanyoyin cikinta bayan ta bar masana'anta. Kamfanin Xilinx na Amurka ne ya fara fitar da ita kasuwa a shekarar 1985, kuma AMD ya saye kamfanin a 2022. Wannan sassauci ya sa masu ƙera kayan sadarwa ke amfani da ita, domin idan ƙa'idar aiki ta sauya, sai a ɗora mata sabon tsari ba tare da an cire na'urar ba.

Sai dai ƙwayar ba ta aiki ita kaɗai. Dole a haɗa ta da na'urorin waje. A saman turke akwai akwatin rediyo da ke karɓar sigina daga wayoyi, ya mayar da ita lambobi. Lambobin na saukowa ta wayar fiba a matsayin haske, sannan wata ƙaramar na'ura ta mayar da hasken lantarki kafin ya shiga ƙwayar.

Abubuwa uku ne ke tabbatar da wannan haɗi. Na farko, ƙarfin lantarkin ɓangarorin biyu ya dace, in ba haka ba ƙwayar na iya ƙonewa. Na biyu, agogonsu ya tafi daidai, domin kuskure ƙanƙani na rikita bayanai. Na uku, su bi ƙa'ida ɗaya, kamar CPRI wadda Ericsson, Huawei, NEC, Nortel da Siemens suka kafa a 2003.

Duk ingancin ƙwayar, idan aka yanke fiba yayin aikin hanya, ko aka sace batirin turke, tiransifa sai ta maƙale, masu POS kuma su yi zaman jira. Saboda haka ne a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Kula da turken unguwa, ke nan, kula ne da cinikin kasuwa.