PS2, Xbox da GameCube: Wacce Ta Fi Ƙarfi, Kuma Me Ya Sa PS2 Ta Mamaye Gidajen Gem?

Matashin da ya tashi a Sanyinna, Tambuwal ko Kebbe, in aka ce masa gidan gem, abin da zai fara tunawa shi ne PlayStation 2 da wasan ƙwallo na Winning Eleven. Sai dai in ƙarfin inji ake magana, PS2 ce ƙarama a cikin sa'o'inta uku.

Sony ya fitar da ita a shekarar 2000, da furosesa mai gudun kusan megahaz 295 da RAM megabayit 32. GameCube ta Nintendo, wadda ta fito a 2001, tana da megahaz 485, amma ƙaramin faifanta gigabayit 1.5 kawai yake ɗauka, ga shi ba ta kunna fim ɗin DVD. Xbox ta Microsoft, ita ma ta 2001, ta kere su duka: furosesar Intel mai megahaz 733, RAM megabayit 64, da rumbun ajiya a cikinta. Shi ya sa wasan da ya fito a kansu duka hotonsa yakan fi tsabta a Xbox.

Kasuwa kuwa ba ta bi wannan lissafin ba. An sayar da PS2 sama da miliyan 155, Xbox kusan miliyan 24, GameCube kusan miliyan 22. PS2 ta riga su fitowa, tana kunna DVD da wasannin PS1, kuma an ci gaba da yi mata wasanni har zuwa PES 2014. Yawanta ne ya sa kayan gyaranta suka wadata, ta kuma yi araha a kasuwar tokumbo.

Ga mai shirin saye yau, rauninta na nan a idon da ke karanta faifai, wanda ƙurar hunturu ke saurin kashewa. Masu gyara kan ɗora wasanni a filash ta manhajar OPL, amma tashar USB 1.1 ce da ita, don haka bidiyon cikin wasa yakan riƙa sarƙewa.

A waya ma labarin bai sauya ba. Ginin PS2 mai sarƙaƙiya ne, kwaikwayonsa na buƙatar waya mai ƙarfi sosai. Mai ƙaramar waya gara ya tsaya kan PPSSPP, wadda ke buga wasannin PSP ba tare da wayar ta ɗau zafi sosai ba.