Roba ma tana shan ruwa: gargaɗi ga mai saye da mai sayarwa

Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama. Maganar ta mutane ce, amma ta hau kan roba daidai wa daida. A kasuwar Maraɗi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, duk abin da ba ƙarfe ba ne, ba itace ba, ba fata ba, suna ɗaya gare shi: roba. Alhali kuwa robobi iri-iri ne, kowace da halinta, kuma cikin halayen nan akwai wanda ba a lura da shi sai ya jawo hasara. Wasu robobin suna shan ruwa, har laimar da ke cikin iska suna tsotsa, su kumbura da damina, su bushe su yi tsauri da hunturu.

Garin Safo, cikin gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, yana bakin fadamar Gulbin Maraɗi, inda aikin lambu ke ciyar da gidaje masu yawa. Mai lambu a can ba ya rabuwa da roba: igiyar guga, tiyon ban ruwa, ƴan ƙananan kayan cikin injin jawo ruwa, da na babur ɗin da ke kai zogala da albasa birni. Masuntan tabkin Madarunfa su ma komarsu da zaren fatsarsu na roba ne. Da yawa daga kayan nan ta hanyar Kano da Katsina da Jibiya suke shigowa, su ratsa Ɗan Isa. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin ya rasa rabin ƙarfinsa, makanikai suka ƙara saba da neman madadi mai araha ga kowane abin da ya lalace. A wajen zaɓen madadin nan ne rashin sanin halin roba ke cin kuɗin mutane.

Wace ce mai ƙishirwa?

Babbar mashayiyar ruwa cikin robobin aikin injuna ita ce nailan. Wani masani mai suna Wallace Carothers ne ya haɗa ta a 1935 a kamfanin DuPont na Amurka, sannan a 1938 Paul Schlack ya fito da ƴar'uwarta a Jamus. Ta farko ana rubuta ta PA66, ta biyu PA6. Ƙarfinsu da jimirin gogayya suka sa ake yin haƙoran giya da bushi da igiya da koma da su.

Dalilin ƙishirwarta yana cikin ƙirarta. Nailan sarƙoƙi ne dogaye na sinadari, kuma mahaɗan sarƙoƙin irin waɗanda ke cikin gashi da ulu da siliki ne, masu jawo ruwa. Ruwan yakan kutsa tsakanin sarƙoƙin ya raba su, su sami damar zamewa. Duk wanda ya ga ƙofar katako ta ƙi rufuwa a watan Agusta, ko fatar ganga ta saki da sanyin raɓa, ya riga ya ga misalin abin.

Ga lissafin da masu ƙera ta suka sani. A iska mai matsakaiciyar laima, nailan tana shan ruwa kimanin kashi 2,5 zuwa 3 bisa ɗari na nauyinta. In ta daɗe a nutse, PA66 tana kai wajen kashi 8, PA6 kuma wajen kashi 9 zuwa 10. Wata roba da ake kira asetal, mai alamar POM, ba ta kai kashi 1 ba ko ta shekara cikin ruwa. Robar jarka da bokiti da buhu, wato PE da PP, kusan ba ta shan kome.

Kumburi da damina, karyewa da hunturu

Nailan da ta ƙoshi da ruwa tana iya ƙara girma da kimanin kashi 2 bisa ɗari. Abin kamar wasa, amma a bushi mai faɗin milimita 50, ƙarin milimita guda ke nan, alhali ratar da ake bari tsakanin bushi da sandar da ke juyawa cikinsa ba ta kai haka ba. Sai bushin ya shaƙe sandar, injin ya yi zafi, ya tsaya. Kuma da yake ruwan a hankali yake shiga, makonni ko watanni gwargwadon kaurin abin, sai a ɗora laifin kan makaniki ko a ce an sayar da jabu. Mai lambun da injinsa ya tsaya kwana uku a tsakiyar bazara ya san abin da shukarsa za ta zama.

Igiyar nailan kuwa, in ta jiƙe, tana rasa kashi 10 zuwa 15 bisa ɗari na ƙarfinta, kuma tana ƙara miƙewa. Ya kamata masu haƙar rijiya da masu yasa su riƙe wannan, tun da rai ne ke rataye a jikinta. Igiyar PP ba ruwanta da jiƙa, amma rana ce ajalinta: in aka bar ta a fili sai ta rube ta yi gari.

Hunturu yana zuwa da tasa matsala. A watannin Fabrairu da Maris laimar iskar Maraɗi takan sauka ƙasa da kashi 20 bisa ɗari da rana, alhali a Agusta tana haura kashi 70. Nailan da ta bushe ƙarau tana yin tsauri, ta karye da bugu kaɗan. Shi ya sa maɗaurin waya mai haƙora, wanda masu aikin lantarki ke ɗaure wayoyi da shi, yake tsinkewa a hannu da rani. Masu ƙera shi da laimarsa suke rufe shi cikin leda. Ɗan kasuwar da ya farke ledar ya rataye shi a rumfa, da hannunsa ya ɓata hajarsa.

Wani lahanin kuma tun daga masana'anta yake. Ana bukatar a busar da ƙwayoyin nailan a zafin digiri 80 har laimarsu ta sauka ƙasa da kashi 0,2 bisa ɗari kafin a narka su. In aka narka su da danshi, ruwan yana tsinka sarƙoƙin, kayan su fito da kyan gani amma ba ƙwari, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a duba alama. Kayan kirki sukan zo da haruffa a jikinsu: PA6, PA66, POM, PP ko PE. In babu alama, a jefa guntu cikin kwanon ruwa: PE da PP suna tasowa sama, nailan da asetal suna nutsewa. Na biyu, abin da zai zauna cikin ruwa kuma yana bukatar awo daidai, a nemi na asetal. In nailan ce kaɗai a hannu, makaniki ya bar mata ratar kumburi. Na uku, a mangaza a ajiye kayan nailan cikin ledarsu a rufe, nesa da rana. Wanda ya bushe ya yi tsauri, in ba rana ce ta cinye shi ba, jiƙa shi cikin ruwa kwana ɗaya ko biyu yakan dawo da laushinsa matuƙar siriri ne.

Ga ma'aikatan da ke rubuta takardun sayen kaya na gwamnati ko na ƙungiyoyin manoma, nauyin ya fi yawa. Takardar da aka rubuta "roba" kurum ta ba ɗan kwangila izinin kawo duk wadda ta fi araha, kuma araha ba ta ado. A rubuta sunan robar, da inda za ta yi aiki, cikin ruwa ko cikin rana, sannan a duba alamar ranar karɓar kaya. Layi guda ne a takarda, amma shi ne zai sa famfon gari ya kai wata damina yana aiki.