Gyaɗa da ciwon dajin hanta: ina gaskiya, ina ƙarya?

Magana tana yawo a Batsari da Safana cewa cin gyaɗa da ƙuli-ƙuli na kawo ciwon dajin hanta. Wasu kuma sun ce sam, sammu ne ko jifa. Batun sammu ba shi da tushe. Ita ma gyaɗa lafiyayya ba ta da laifi, amma akwai ƙamshin gaskiya a zancen.

Duk lokacin da ƙwayar halittar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin umarnin da ke cikinta, kuma akan samu kuskure. Akwai wani furotin mai suna p53, wanda aka gano a 1979, da ke aiki kamar mai gadi. In ya ga ɓarna, ya tsayar da rabuwar har a gyara. In ta ƙi gyaruwa, ya sa ƙwayar ta mutu. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana tarar da p53 ya lalace a cikinsu.

A nan fumfuna ta shigo. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a rumbu da sauran danshi takan yi fumfunar da ke fitar da guba, afalatoksin. Gubar nan tana maƙale wa DNA a hanta, har ta sauya harafi ɗaya a gurbi na 249 na umarnin ƙera p53. A 1991 masana suka ga wannan tabon a jikin masu ciwon dajin hanta a Sin da kudancin Afirka, daga baya aka same shi a Gambiya. Idan mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ya ninka sosai.

Masu cewa suya na kashe gubar sun yi kuskure, tana jure wuta. Abin da ya fi damuna shi ne manomin bakin dajin Rugu da tsoron 'yan bindiga ke sa shi kwashe amfani a gurguje kafin ya bushe. Mafita ita ce a shanya gyaɗar a kan tamfol har ƙwaya ta riƙa kaɗawa cikin ɓawo, a tsince masu baƙi da waɗanda suka yanƙwane a zubar.

Ciwon daji ba a ɗaukarsa wurin jinya, kada a guji mara lafiya. Cutar hanta B ce ake ɗauka, ita kuwa tana da allurar rigakafi da ake yi wa jariri tun ranar haihuwa.