Gem ɗin Jackie Chan da sauran wasannin faɗa na Japan da masoya suka hana su mutuwa

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Chainis ya san Jackie Chan, kuma wasunku za su tuna City Hunter na 1993, inda ya yi shigar Chun-Li ta gem ɗin Street Fighter II ya kusa kashe mu da dariya. To amma mutum nawa ne suka san shi kansa Jackie yana da nasa gem ɗin faɗa, wanda har gobe ake gasa a kansa? Yau kan irin waɗannan wasanni zan yi magana, waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da yin gaba, amma masoya suka ce ba su san zance ba.

Sai an fara gane yadda gidan gem yake a Japan. Injin ne babba mai allo da sanda da maɓallai, ka jefa tsabar yen 100 ka buga. Injinan faɗa baya da baya ake haɗa su, ba ka ma ganin fuskar wanda kuke karawa da shi. Wanda ya ci ya ci gaba da zama ba tare da ya ƙara ko sisi ba, wanda aka kayar kuma ya tashi ko ya sake jefa kuɗi. Ka ga kenan kowane kuskure daga aljihunka yake fita, shi ya sa 'yan wasan can ba sa yi wa koyo riƙon sakainar kashi. Street Fighter II na kamfanin Capcom ne ya tayar da wannan guguwa a 1991, kuma ga masu son kiɗa, mace ce mai suna Yoko Shimomura ta tsara yawancin sautukansa. Daga nan kowane kamfani ya ce shi ma sai ya fitar da nasa.

Cikinsu har da Kaneko, wanda a 1995 ya saki The Kung-Fu Master Jackie Chan. Hotunan mutane na gaske aka ɗauka aka zuba ciki, irin na Mortal Kombat, har da Thorsten Nickel, mugun nan na fim ɗin Thunderbolt. Abin haushin, a fitowar farko ba a iya zaɓar Jackie, sai dai ka yi faɗa da shi. A shekarar aka gyara aka sake fitar da shi da sunan Jackie Chan in Fists of Fire, mai ɗauke da Jackie har kala uku. Kallon farko dariya za ka yi, wallahi. Amma da masu naci suka zauna masa, sai suka tarar gem ne mai saurin tsiya, mai dabaru a ɓoye.

Wanda ya fi burge ni shi ne Hokuto no Ken na 2005, aikin Arc System Works. Daga labarin zane na 1983 aka ɗauko shi, kuma jaruminsa Kenshiro, kana ganinsa ka ga Bruce Lee. Gem ɗin cike yake da kurakurai. Wani ɗan wasa a ciki mai suna Toki ya fi kowa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sannan aka gano wata dabara da suke kira basuke: idan jerin duka ya yi tsawo, sai abokin karawa ya riƙa dukan ƙasa yana tashi sama kamar ƙwallon kwando, ba shi da ta cewa har jininsa ya ƙare. Ai ka ce shi kenan, gem ya lalace. Ina! 'Yan wani ƙaramin gidan gem a Tokyo mai suna Nakano TRF suka ci gaba da tono, har aka samo wa kusan kowane ɗan wasa tasa muguntar. Da kowa ya zama abin tsoro, sai faɗan ya yi daɗi, don taɓawa ɗaya tana iya ƙare turmi.

Melty Blood kuwa daga ƙasa ya taso. Ƙananan ƙungiyoyi biyu, Type-Moon da French-Bread, suka yi shi don kwamfuta a 2002, sai a 2005 ya shiga gidajen gem. A Amurka masoyansa sun yi suna wajen buga shi duk inda suka samu wuri, ko barandar otal ko wajen ajiye motoci, har ana tsokanarsu cewa a banɗaki suke gasarsu. Nacin nan ya kai shi babban dandalin Evo a 2010, a 2021 kuma aka yi masa sabon fitowa, Type Lumina.

To ina matsalar? Gidajen da suka raini wasannin nan ƙarewa suke yi. A 1986 sun haura 26,000 a Japan, zuwa 2019 sun dawo wajen 4,000. Harajin saye ya kai kashi 10 cikin 100, ga kuɗin wuta da haya, amma injin tsabar yen 100 ɗin nan dai ya sani. An daina ƙera tsofaffin allunan talabijin masu ƙeya da injinan ke amfani da su, in ɗaya ya mutu sai an farke wani a gyara shi. Ko Sega da girmanta ta sayar da gidajen gem ɗinta tsakanin 2020 da 2022. Mikado na unguwar Takadanobaba, wanda ya shahara da shirya gasar tsofaffin wasanni yana haskawa a intanet, sai da masoya suka yi masa karo-karo lokacin korona.

Intanet ta rage zafi. Fasahar GGPO da Tony Cannon ya ƙirƙiro tana sa gem ya yi hasashen abin da abokin karawarka zai danna, in bai dace ba ya gyara cikin ƙiftawar ido, don haka nisa ba ya jawo tsaiko sosai. Da irin wannan fasahar manhajar Fightcade ke haɗa mutane daga ƙasashe daban-daban. Sai dai a ganina, abin da take cetowa gem ɗin ne kawai. Tsayuwar da yaro zai yi bayan gwani yana kallon hannunsa, a lallasa shi sau goma sannan a zagayo a nuna masa inda yake kuskure, wannan sai a gidan gem.

In kuna da data, ku rubuta Nakano TRF ko Fists of Fire a YouTube ku sha kallo. Ko ba ku jin Japananci, ihun mai sharhi kaɗai ya ishe ku gane an yi wa wani aika-aika. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.